Kuɗin Rediyo da Talabijin a Birnin Zariya: Asalinsa da Hanyar Karɓarsa da Adalci

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ɗora musu karɓar kuɗin lasin rediyo da talabijin. Bisa ga wannan, Ƙaramar Hukumar Zariya tana da ikon neman wani abu daga hannun kowane mai akwatin rediyo ko na talabijin a cikin ganuwa, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Amma fa ƙaramar hukuma ba ta da gidan rediyo, kuma tsarin mulkin bai ce ta miƙa abin da ta karɓa ga gidajen da ke watsa shirye-shiryen ba. Watau mai karɓa daban, mai aikin daban, shi kuwa mai biya bai san abin da kuɗinsa ya saya masa ba. Ba a iya gane yadda aka kai ga wannan hali sai an koma baya, an duba yadda labari ya ke isa kunnen mutanen birni tun kafin zuwan rediyo, da kuma wanda ya ke ɗaukar nauyinsa a kowane zamani.

Shela da haraji a Zazzau ta dā

A zamanin dā, in Sarkin Zazzau yana da magana da jama'a, ba ya rasa hanyar isar da ita. Akwai Sankira da sauran maroƙan fada, akwai masu shela da ke bin kasuwa da ƙofar masallaci, akwai kuma masu unguwa waɗanda a ke tara wa magana su kai ta zaure zaure. Ba a taɓa yanka wa talaka kuɗin jin shela ba. Mai shela bawan fada ne ko baranta, daga hannun Sarki ya ke ci, saboda haka abin da Sarki ya so shi za a ji. Maroƙi kuwa, wanda ya ba shi riga shi ya ke wasawa. Wannan shi ne abu na farko da tarihin birni ya nuna, cewa murya tana karkata wajen mai ciyar da ita.

Abin da talaka ya ke biya shi ne haraji, kuma yadda Zazzau ta ke yanka nata ya bambanta da na maƙwabtanta. Bature mai yawon duniya, Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa a ƙasar Kano kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, amma a Zazzau bisa garma a ke yankawa, wuri 500 kowace ɗaya. M. G. Smith, a littafinsa na tarihin mulkin Zazzau wanda ya fito a 1960, ya yi bayanin wannan kuɗin garma tare da kuɗin sana'a, irin na karofi da na maƙera da na mahauta, waɗanda sarakunan sana'a su ke tarawa. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, don za a sake komawa gare shi: Kano ta ƙidaya gida, Zazzau ta ƙidaya kayan aiki. Har yau, duk ƙasar da ta so karɓar kuɗin rediyo, tsakanin waɗannan hanyoyi biyu ta ke fara zaɓe.

Haraji kuwa tun asali abin gardama ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya ga laifin sarakunan Haɓe a kansu. Saboda haka mutanen birnin da ke cike da malamai, tun daga Juma har Kona, sun gaji tambayar ko kuɗin da a ke karɓa yana da hujja, da kuma ina a ke kai shi.

Turawa sun shiga Zariya a 1902. Dokar haraji ta 1906 ta harhaɗa kuɗaɗen nan masu yawa, aka nufi mayar da su abu guda, bayan 'yan shekaru kuma aka kafa Baitulmali na En'e, aka yanka wa Sarki da hakimai albashi. Aikin karɓa ya tsaya a hannun mai unguwa, shi ya san kowane baligi a unguwarsa, shi ya ke tarawa ya kai gaba, a ba da rasit. Duk abin da a ke faɗi game da tsananin harajin wancan zamani, tsarin yana da abu biyu da lasin rediyo bai taɓa samu ba, watau jerin sunayen masu biya, da mai karɓa wanda kowa ya san fuskarsa da ƙofar gidansa.

Zamanin rediyon waya

Cikin watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita. Sunan jaridar kansa ya faɗi kuɗinta. Mai so ya ba da kwabo ya karɓi takarda, wanda bai ba da ba ya jira a karanta masa a zaure. Gwamnati ta tallafa wa aikin, amma dai kowane mai saye ya ga abin da ya saya a hannunsa.

Rediyo na farko da ya zo ƙasar nan shi ma haka ya ke. An fara shi a Ikko a 1935, aka kai Badun a 1939, Kano a 1944, sa'an nan a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya iso Zariya da Kaduna da Jos da waɗansu garuruwa. Ba iska ke kawo maganar ba, waya ce. A kan kafa tasha guda a gari mai babbar na'urar kama shirye-shiryen BBC daga London, a haɗa da na gida, sa'an nan a ja waya bisa turaku zuwa gidan duk wanda ya nema, a rataya masa akwati a bango. A kan kuma kafa manyan lasifika a wuraren taruwar jama'a don waɗanda ba su da halin sa akwati a gida.

Ga mai karɓar kuɗi, ba a taɓa yin tsari mai sauƙi kamar wannan ba. Akwatin na hukuma ne, haya a ke ba mutum, sunansa yana cikin littafi, in ya daina biya sai a yanke waya. Ba gardama, ba sammaci, ba shiga gidan kowa. Ga mai saurare kuwa, adalcin a fili ya ke: wanda ya biya ya ji a ɗakinsa, wanda bai biya ba ya tafi dandali ya ji kyauta. Illarsa ita ce ba a da zaɓen tasha, abin da hukuma ta sako shi za a ji, kuma waya ba ta wuce inda turakunta suka tsaya ba, saboda haka manomin Giwa ko na Soba ba shi da rabo.

Ya kamata a lura da kalmomin da Hausa ta yi amfani da su a nan, don kowace tana ɗauke da irin alkawarinta. Haya ita ce kuɗin abin da ke hannunka wanda ba naka ba ne. Haraji, kalmar da aka aro daga Larabci, kuɗi ne da a ke biya don zama ƙarƙashin hukuma, ko an ga amfaninsa ko ba a gani ba. Lasin kuwa daga Ingilishi ya shigo, kuma Bahaushe ya fara saninsa ne wajen bindiga da keke da tuƙin mota, watau izinin riƙe abin da hukuma ke sa wa ido. Da aka ce rediyo ma yana da lasin, sai magana ta zama baƙuwa, don mutum ya sayi akwatinsa da kuɗinsa, ba ya cutar kowa da shi, kuma iskar da ke kawo maganar ba ta kowa ba ce.

Daga waya zuwa iska

A 1949 Turner da Byron suka ba da rahoton da ya shawarci Gwamnati ta kafa gidan rediyo na sosai mai watsawa ta iska. Aka kafa shi a 1951 a ƙarƙashin T. W. Chalmers, wanda aka aro daga BBC, da reshensa na Arewa a Kaduna. Ran 1 ga Afril 1957 aka mayar da shi hukuma mai zaman kanta, wadda aka sani da NBC. An tsara ta bisa kamannin BBC, amma an bar ginshiƙin da BBC ta dogara a kai. A Ingila, a farkon shekarun 1920 aka fara sa kowane mai rediyo ya sayi lasin na sule 10 a gidan waya, kuma daga wannan kuɗin gidan rediyon ya ke rayuwa. A Nijeriya an yi dokar lasin, amma abin da ya riƙe gidan rediyon shi ne kason da Gwamnati ke yanka masa kowace shekara, daga baya aka ƙara da kuɗin talla.

An ga sakamakon wannan tun da wuri. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Action Group ta gidan rediyon Gwamnati, Cif Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da jawabi, aka hana shi. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen, sai kowace ta kama gabanta. Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Badun ran 31 ga Oktoba 1959, Jihar Gabas ta bi a 1960. Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta haɗa jari da kamfanonin Granada da EMI na Ingila, aka kafa kamfanin BCNN, wanda ya fara watsa shirye-shirye daga Kaduna cikin Maris 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Kuɗin Gwamnatin Jiha da na talla su suka riƙe shi. Bayan an rarraba Arewa jiha 6 a 1967, sai ya koma ƙarƙashin hukumar da ke kula da kayan tarayya na jihohin nan.

Ana cikin haka sai ƙaramin rediyo mai batir ya cika kasuwa. Ya yi araha, ba ya bukatar waya ko wutar lantarki, yana shiga aljihun babbar riga, a rataya shi a kan keke ko a reshen itace a gona. Wannan ƙaramin akwati shi ya kai rediyo ga talaka, shi ne kuma ya kashe lasin. Abin da ba a iya ƙidayawa ba a iya yanka masa kuɗi, kuma garma ta fi shi sauƙin ƙidaya, tun da ya ke ita ana ganinta a gona. Ingila kanta, duk da motocin bincike da ta fara amfani da su a 1952, ta soke lasin rediyo a 1971, ta bar na talabijin kaɗai.

A birnin Zariya akwai wani shinge bayan wannan. Gidan Bahaushe yana da zaure, kuma baƙo namiji ba ya wuce shi sai da izinin maigida. Rediyo kuwa a cikin gida ya fi yin aiki, wajen matan da ke kulle, waɗanda ta nan su ke jin tafsirin watan azumi da Jakar Magori da shirye-shiryen kiwon lafiya da gaishe-gaishe. Ma'aikacin da aka aiko ƙidayar akwatuna, ko dai ya tsaya a zaure ya rubuta abin da aka gaya masa, ko ya kutsa ya jawo fitinar da kuɗin lasin bai kai a jawo ta ba. Duk tsarin da ya dogara ga shiga cikin gida ya fāɗi a birni tun ba a fara shi ba.

Dokoki biyu, kuɗi ɗaya

Gwamnatin soja ta karɓe gidajen talabijin na jihohi, ta haɗa su a hukumar NTA da dokar 1977, rediyon Kaduna kuma ya shiga cikin Rediyon Tarayya a 1978. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, tsarin mulkin 1979 kuma ya sa lasin rediyo da talabijin cikin hanyoyin samun kuɗinsu. A wannan shekara ta 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Talakawa sun yi murna, kuma suna da dalili, don an sha wuya a hannun masu karɓa. Amma tare da haraji, jerin sunayen da mai unguwa ke riƙe da shi ya daina aiki. Watau a lokacin da aka damƙa wa ƙaramar hukuma lasin, a lokacin ne ta rasa littafin da za ta bi ta karɓe shi.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, dokar 1988 ta sa NTA da Rediyon Tarayya cikin hukumomin da za su nemi wani kaso na kuɗinsu da kansu. Daga nan al'adar sayar da filin labarai ta kafu: mai taro ya biya a ɗauki taronsa, wanda ba shi da abin biya a wuce shi. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Gidan rediyon da ke jiran albashi daga Gwamnati, kuɗin mai kuwa daga attajiri, da wuya ya bincika ɗayansu. Unguwar da famfonta ya ƙafe, ko makarantar da rufinta ya yaye, ba su da kuɗin sayen fili, alhali kuwa don irinsu aka kafa gidan rediyon jama'a.

A 1992 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, aka kuma ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu. Gyaran da aka yi wa dokar hukumar a 1999 ya ba ta ikon karɓar kuɗin lasin ta riƙe amana ta rarraba wa gidajen. Amma dokar haraji ta 1998 ta riga ta sa wannan kuɗin cikin na ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar musu da shi, shi kuwa tsarin mulki yana gaba da kowace doka. Saboda haka hukumar da aka nufa ta raba kuɗin ba ta da ikon karɓarsa, masu ikon karɓa kuwa ba a wajabta musu rabawa ba. Inda a ke karɓa, galibi masu kantuna da ofisoshi a ke bi, don su ne ƙofarsu ke buɗe ga hanya. A Jihar Kaduna dokar haraji ta 2016 ta tattara karɓar kuɗaɗen jiha da na ƙananan hukumomi a hannun hukuma guda, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Wannan ya rage ƙofar sata, amma bai taɓa tambayar inda kuɗin rediyo zai tafi ba.

An sake gwada wata hanya da aka zo sauya talabijin zuwa tsarin dijital. An fara a Jos cikin Afril 2016, aka iso Kaduna cikin Disamba 2017. Mai akwatin FreeTV zai biya naira 1,000 a shekara a lokacin da aka fara, in bai biya ba tashoshin su rufe. Mai lura zai ga cewa rediyon waya ne ya dawo da sabuwar riga, don an sake samun abin yankewa. Sai dai aikin ya yi ta tsayawa, kuma mutane da yawa sun riga sun koma ga tauraron ɗan'adam da wayar hannu.

Abin da waɗansu ƙasashe suka yi

Ingila ta riƙe lasin talabijin, wanda ya kai fam 174.50 a 2025. Makaho yana biyan rabi, tsohon da ya kai shekara 75 kuma yana karɓar tallafin marasa ƙarfi ba ya biya. Amma mai kuɗi da matalauci kuɗi ɗaya su ke biya, kuma yawancin waɗanda a ke kai wa kotu don rashin biya mata ne, abin da ya jawo suka mai yawa. Akwai abin lura a nan ga mutumin Zariya. Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe cikin Maris 1957, tun daga 2014 mafi yawan kuɗinsa daga wannan lasin ya ke fitowa, watau magidantan Ingila ne ke biyan labarin da a ke saurare a zaurukan Kwarbai da asuba. Abin da wani ke biya kuwa, wani ke da ikon tsayar da shi. An ga haka cikin Maris 2025, sa'ad da Gwamnatin Amurka ta tsayar da aikin Muryar Amurka, sashenta na Hausa ya yi shiru ba tare da an tambayi mai saurare ko ɗaya ba.

Jamus ta bar ƙidayar akwatuna a 2013, ta koma kan gida: kowane gida ya biya, ko da talabijin ko babu, kuma kuɗin ya zama yuro 18.36 a wata daga 2021. Wannan ita ce hanyar Kano ta zamanin Barth. Finland a 2013 da Sweden a 2019 sun mayar da shi haraji bisa gwargwadon samun mutum, mai ƙaramin ƙarfi ya biya kaɗan ko a yafe masa. Italiya ta sa shi cikin takardar kuɗin wuta a 2016, masu zillewa suka ragu ƙwarai, har aka rage kuɗin. Jamhuriyar Nijar ma ta bi ta takardar wuta don tallafa wa gidan rediyo da talabijin nata. Faransa ta soke nata gaba ɗaya a 2022, ta yanka wa gidajen kaso daga harajin kayan saye.

Ghana ta nuna abin da tilas ke haifarwa. Tana da dokar lasin tun 1966, aka sabunta kuɗin a 2015 ya zama sidi 36 a shekara ga mai akwati ɗaya. A ƙarshen 2017 aka ware kotuna don hukunta masu ƙin biya, jama'a suka yi ca, dole aka janye maganar gurfanarwa. Afirka ta Kudu tana da lasin na rand 265, amma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda a ke bi ba sa biya. Darasin ƙasashen nan biyu ɗaya ne, cewa mutane ba sa biyan gidan da su ke ganin bakin Gwamnati ne, ko da an tsorata su da alƙali.

Abin da ya dace da birni

In an auna hanyoyin nan da halin birnin Zariya, kowace tana da inda ta ke tuntuɓe. Ƙidayar akwati ta mutu, tun da ya ke yau wayar hannu ita ce rediyo, ita ce talabijin. Ƙidayar gida irin ta Jamus tana bukatar a san mene ne gida. A Magajiya ko Albarkawa zaure ɗaya yana iya rufe sassa da yawa, uba da 'ya'yansa masu aure da gwauruwa da almajirai. In an yanka bisa zaure, attajiri mai gida shi kaɗai da gidan gado mai tukunya goma sun biya daidai. In an yanka bisa tukunya, an koma ga leƙen cikin gida. Takardar wuta kuwa ba ta zama ma'auni ba a inda gidaje da yawa ba su da mita, ana yanka musu kuɗi da ka, kuma ƙara wani abu a kan takardar da mutane ke ƙorafi da ita zai jawo wa gidan rediyo baƙin jinin da ba nasa ba. Haraji bisa samu shi ya fi kusa da adalci, amma ɗinki da jima da ƙira da ƙananan saye da sayarwa, waɗanda su ne abincin birni, ba su da takardar albashi.

Nijeriya tana da wani misali nata na gida. A 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu, aka zuba shi a asusu na dabam, wanda aka sake wa suna TETFund a 2011. Gine-ginen da ya yi suna nan a Samaru da Kongo, kowa yana gani. Ba a bi ɗalibi gida an karɓa ba, an karɓa ne a inda kuɗi ya riga ya taru, wurin 'yan ƙalilan masu littafin lissafi. Irin wannan asusu yana yiwuwa ga rediyo da talabijin, a ɗebi ɗan kaso daga kamfanonin waya da na talabijin na biya da masu shigo da akwatuna. Ko da kamfanonin sun mayar da nauyin kan masu saye, wanda ya fi saye shi zai fi biya, tsohuwar da ke da ƙaramin rediyo a ɗaka kuwa ba wanda zai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Amma wannan ba ya tsayuwa sai da sharuɗɗa. Dole a gyara Jadawali na Huɗu, a kuma musanya wa ƙananan hukumomi abin da za su rasa, don ba za su saki hanyar kuɗi haka kawai ba, balle bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 wanda ya ƙarfafa 'yancinsu kan kuɗinsu. Dole asusun ya kasance a hannun amintattun da Gwamna ko Minista ba ya iya korarsu da wasiƙa guda, a yanka kason na shekaru da yawa gaba ɗaya, don kada a riƙa jan igiya kowace shekarar zaɓe. Gidan da ya ci daga asusun ya daina sayar da filin labarai, ya ba mai mulki da mai hamayya fili daidai, ya kuma ware sa'o'i ga noma da lafiya da ilmi cikin harsunan masu saurarensa. Sa'an nan kowace shekara a karanta lissafin shiga da fita da Hausa a gidan rediyon kansa, yadda mai ɗinki a Kasuwar Zariya zai ji ya gane.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda tarihin birni ya fi nanatawa. Mutanen Zariya sun biya kwabon jarida, sun biya hayar akwatin waya, yau ma suna sayen katin waya da kuɗin tashoshin tauraron ɗan'adam ba tare da an aiko musu ɗan doka ba, domin a duk waɗannan suna ganin abin da suka saya. Abin da suka ƙi, tun zamanin kuɗin garma, shi ne kuɗin da ya shiga hannun mai karɓa ba a sake jin labarinsa ba. Masu gyaran doka a Abuja da Kaduna, in sun zo kan wannan magana, ya kamata su fara da tambayar wa zai riƙe kuɗin da wa zai ba da lissafinsa, kafin su kai ga nawa za a yanka.